Ahmad Bugera El-Wafi: Gwarzon Tsere A Ƙarƙashin Tutar Faransa

1.0 Gabatarwa

Idan ana batun gudun dogon zango a Afirka, sunan da ake fara ambata shi ne Abebe Bikila na Habasha, wanda ya yi nasara a Rum a 1960. Sai dai shekara 32 kafin haka wani Balaraben Aljeriya ya riga ya ci irin wannan gasa. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwarsa don a ga yadda mulkin mallaka ya ci moriyarsa ya yar da kwauri.

2.0 Tasowarsa Da Nasararsa

An haifi El-Wafi a yankin Ouled Djellal a 1898, lokacin Aljeriya na hannun Faransa. A aikin sojan Faransa aka gano baiwarsa ta gudu. Ya zo na bakwai a gudun famfalaƙi na Olamfik a Faris a 1924, sannan ya kama leburanci a masana'antar motoci ta Renault. Ranar 5 ga Agusta, 1928, a Amsterdam, ya cinye kilomita 42 cikin awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 57, ya sha gaban Manuel Plaza na Chile. Da yake ƙasarsa ba ta da tuta tata, sai aka rubuta zinaren da sunan Faransa.

3.0 Faɗuwarsa

Dokar wancan zamani ta haramta wa ɗan wasan Olamfik karɓar lada. Doka ce da ba ta takura mai hali ba, amma ta ɗaure lebura. Da El-Wafi ya je Amurka ya yi tseren kuɗi, sai aka rufe masa ƙofar gasa. Shagon shan gahawa da ya buɗe a Faris ya karye. Ba a sake tunawa da shi ba sai 1956, da Alain Mimoun, shi ma haifaffen Aljeriya, ya ci gasar a Melbourne. 'Yan jarida suka tarar da tsohon gwarzon cikin fatara. An harbe shi a Saint-Denis ranar 18 ga Oktoba, 1959, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya.

4.0 Kammalawa

Ɗaukakar ɗan tsere takan gushe idan ba a rubuta ta ba. Nijeriya ta fara halartar Olamfik a Helsinki a 1952, kuma 'yan Arewa kamar Musa Dogon Yaro da Mamman Makama sun wakilce ta a Meziko a 1968. Wajibi ne manazarta su tattara tarihin irin waɗannan mazaje da harshen Hausa tun shaidun gani da ido suna raye.