Takardar da amaryar Yahudawa ke riƙewa, da rigimar kayan ɗakinmu

Jama'a, kullum muhawararmu a kan aure ba ta wuce lefe: a soke shi ko a bar shi, akwati nawa, wa ya tsawwala. Ba mu cika maganar ranar da aure ya mutu ba, ranar da mace za ta tsaya gaban alƙali tana rantsuwa cewa gadon nan da firjin nan ubanta ya saya. Wanga ne ya sa nake son mu leƙa wata tsohuwar al'ada ta Yahudawa. Tarihi nake magana, ba siyasar yau ba, kada wani ya juya mani zance.

Bikinsu na gargajiya yana da abubuwan da Basakkwace zai gane nan take. A da, baiko daban ne, tarewa daban, har ana iya yin wata 12 tsakani. Yahudawan Maroko da Yaman suna da daren lalle. Ango yakan zo da kansa ya ga fuskar amarya kafin ya lulluɓe ta, kuma galibi suna danganta wannan da labarin da ke cikin littafinsu cewa an sauya wa Annabi Yaƙubu (AS) amarya a cikin lulluɓi. Ana ɗaura auren ƙarƙashin wata rumfa ta ƙyalle mai sanda huɗu, sunanta huppa, alamar gidan da za su kafa. A ƙarshe ango ya taka kofin gilashi ya fasa, don tuna rushe ɗakin ibadarsu na Ƙudus da Rumawa sunka yi a shekara ta 70 miladiyya. Budurwa ana yi mata kwana bakwai na biki, in gwauro da bazawara ne kwana uku. Wanda ya karanta Risala ya san wannan lissafin na bakwai da uku.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ketuba. Takarda ce da ake rubutawa kafin a shiga rumfa, shaidu biyu su sa hannu, a karanta ta a bainar jama'a, sannan a danƙa wa amarya. Ita ke ajiye ta, ba miji ba. A ciki miji ya ɗauki alkawarin ci da sutura da haƙƙin kwana, da kuma kuɗin da zai biya in ya sake ta, ko a cire daga dukiyarsa in ya mutu: zuz 200 ga budurwa, 100 ga bazawara. Malamansu ba su ɓoye dalili ba, sun ce don kada saki ya yi wa namiji sauƙi. Suna jingina wa wani malami, Shimon ben Shetah, na ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dokar da ta mayar da duk dukiyar miji jinginar wannan bashi. In takardar ta ɓata, ba a yarda su ci gaba da zama ba sai an rubuta wata.

Kuma ba labarin baka ba ne. A tsibirin Elefantin kusa da Aswan an tono takardun aure na ƙarni na 5 kafin miladiyya, an jera tufafin amarya da madubinta da kwanoninta, kowane da kuɗinsa. A 1897 kuma Solomon Schechter ya kwaso guntayen takardu sama da 190,000 daga ɗakin ajiyar wata majami'a a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, ya kai Kambirij ta Ingila. Cikinsu akwai takardun aure masu yawa na zamanin Faɗimawa da Ayyubawa. Za ka ga awarwaro, mayafi, katifa, tukunyar tagulla, akwati, duk an ƙiyasta da dinari. Kayan ɗaki ke nan sak, irin wanda iyaye ke cin bashi su yi a Mabera da Gidan Igwai. Bambancin kawai, su an rubuta, kuma miji ya sa wuyansa cewa ƙimar tana kansa. Sadakin ma sun kasa shi biyu, na hannu da na ajali, kamar yadda maƙwabtansu Musulmin Masar ke yi.

Ba wai tsarin nasu ba ya da rami ba. Takardar saki daga hannun miji kaɗai take fitowa, in ya ƙi ko ya ɓace sai mace ta zauna ba aure ba sakakkiya, matsalar da har yau suke fama da ita.

To mu fa? Ba aro muke buƙata ba, kayan suna cikin ɗakinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. A Maroko, Malikawa 'yan'uwanmu, adulai biyu ke rubuta aure. Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, tana da fasali a kan saɓanin miji da mata game da kayan gida: in babu hujja, abin da aka san na mata ne a ba mace da rantsuwa, na maza a ba namiji. To talabijin na wa ne? Janareta fa? Nan ake kwana a kotu, a kira ƙanwar uwa da ta yi jere shekara tara da sunka wuce ta tuno launin kafet.

Hukumar Zakka da Wakafi ta jiharmu tana sanar da mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinari, gwargwadon farashin zinari. Madalla. Ina ganin hukumar da ta iya wannan, tare da Majalisar Sarkin Musulmi, za ta iya buga fom mai shafi ɗaya: sadaki nawa, an biya ko saura, me amarya ta shigo da shi, me ango ya saya. Ranar jere mata su cika, waliyyi da wakilin ango su sa hannu, liman ya ajiye kwafi ɗaya, na asali kuma a ba amarya ta sa a ƙasan akwatinta.