Lambunan kaka a Cape May

Lambunan kaka a Cape May lambuna ne na cikin gida da mazauna yankin Cape May, a kudancin jihar New Jersey ta ƙasar Amurka, suke shukawa domin ciyar da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi masu ƙaura. Kaka a wannan yanki tana kamawa ne daga watan Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da zafi ke ja da baya, ganyen itatuwa ke zuba, halittu da dama kuma ke barin arewa su nufi kudu kafin sanyi ya sauka.

Yanayin wurin

Cape May wani zirin ƙasa ne da ya shiga tsakanin Tekun Atlantika daga gabas da mashigin ruwan Delaware daga yamma. Idan iska mai sanyi ta buso daga arewa maso yamma, takan turo masu ƙaura zuwa gaɓar teku, sai su bi gaɓar har ƙarshen zirin. A nan ruwa mai faɗin fiye da kilomita 15 yake tare musu hanya, don haka da yawa kan tsaya su huta, su ci abinci, su jira iskar da za ta taimaka musu wajen tsallakawa. An ga nau'o'in tsuntsaye sama da 400 a gundumar. Tun 1976 cibiyar Cape May Bird Observatory take ƙidaya shaho da danginsa a kowace kaka, daga wani dandamali da ke kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa wadda aka gina a 1859.

Tsirran da ake shukawa

Ƙasar bakin teku rairayi ce wadda ba ta riƙe ruwa, iskar wurin kuma tana ɗauke da gishiri. Shi ya sa masu lambu suka fi dogara da tsirran asalin yankin. Daga cikinsu akwai Solidago sempervirens, mai fure ruwan ɗorawa, wanda ke jure gishiri kuma yake buɗewa a Satumba da Oktoba, lokacin da yawancin furanni suka ƙare. Akwai Morella pensylvanica, wani ɗan itace mai 'ya'ya da kakin zuma-zuma a jikinsu, waɗanda ƙaramin tsuntsun nan Setophaga coronata yake iya narkarwa. Itacen Juniperus virginiana kuwa yana ba da 'ya'ya da mafaka daga iska.

Aikin lambu a kaka

Kaka lokaci ne mai kyau na dasa itatuwa da tsirrai masu daɗewa, saboda ƙasa tana da sauran ɗumi, saiwa kuma takan kama kafin ta daskare. Bambancin waɗannan lambuna da na ado shi ne, ba a share su tas. Ana barin busassun furanni a tsaye domin tsuntsaye su ci irin, ana tara ganyen da ya zube a gindin itatuwa domin ƙwari su ɓuya a ciki har bazara. Ana kuma ajiye ruwa a kasko marar zurfi, a guji feshin maganin ƙwari, a tsare kyanwa a cikin ɗaki, a manna alamu a gilashin taga don kada tsuntsaye su yi karo da shi.

Malam-buɗe-littafin monak

Baƙon da ya fi jan hankali a lambunan shi ne monak, wato Danaus plexippus, mai fukafukai ruwan lemo da baƙin zane. Waɗanda ke ratsa Cape May suna kan hanyarsu ne ta zuwa dazukan tsaunuka na tsakiyar Meziko, tafiyar sama da kilomita 3,000, kuma ruwan zaƙin furen da suka sha a hanya ne ke zama kitsen da za su rayu da shi a lokacin sanyi. Da yamma sukan taru a rassan itatuwa su kwana. Tsutsarsu ba ta cin komai sai ganyen Asclepias da makusantansa, dangin tumfafiya da aka sani a ƙasar Hausa. Masu bincike da 'yan sa-kai suna manna wa wasu ƙaramar takarda mai lamba a fiffike, an kuma tsinci wasu daga cikin masu lambar a Meziko.

Barazana

Gine-gine a bakin teku, zaizayar gaɓa da maganin kashe ciyawa sun rage wuraren da masu ƙaura ke samun abinci. A 2022 ƙungiyar IUCN ta sanya monak mai ƙaura cikin halittun da ke fuskantar haɗarin ƙarewa, sannan a 2023 ta sassauta matakin zuwa na masu rauni. Ƙungiyoyin kare muhalli na jihar suna ƙarfafa wa masu gidaje gwiwa su rage filin ciyawar ado, su maye gurbinsa da tsirran asalin yankin.