Tarihin Allurar Verapamil

Kamfanin Knoll na Jamus ne ya fito da maganin verapamil a 1963, domin masu ciwon ƙirji. Daga baya Albrecht Fleckenstein na Jami'ar Freiburg ya gano yadda yake aiki: yana tare ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke bi ya shiga tsokar zuciya.

A 1972 Leo Schamroth, likitan Afirka ta Kudu, da abokansa suka nuna cewa in an yi allurarsa a jijiya, zuciyar da ke bugawa da saurin tsiya takan daidaita cikin 'yan mintoci. Amma fa ba kowane irin bugu ba. An yi wa waɗansu jarirai, zuciyarsu ta tsaya. Tun wajen 1990 likitoci da yawa sukan fara gwada allurar adenosine.