Daga Zango Zuwa Tasha: Tarihin Hanyoyin Ƙasar Gumel da Makomarsu

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne yadda hanyoyin sufuri suka riƙa sauyawa a arewacin Jihar Jigawa, wato ƙasar Gumel wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. An zaɓi Gagarawa Tasha ta zama wurin tsayawa a duba al'amarin domin sunanta kansa shaida ne. Akwai Gagarawa Gari, akwai kuma Gagarawa Tasha, ta biyun kuwa ba ta samu ba sai da dogon jirgin ƙasa ya ratsa wurin. Garin da hanya ta haifa ya fi kowane gari sanin abin da kan faru idan hanyar ta juya masa baya, saboda haka in ana batun makomar hanyoyi ya kamata a saurari labarinsa.

Kafin zuwan dogo

Masarautar Gumel, wadda ake kira Lautai, Mangawa ne suka kafa ta a ƙarni na 18, kuma ta daɗe tana bin Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba kamar maƙwabtanta Kano da Haɗeja da Kazaure. Wannan zama a bakin iyaka tsakanin dauloli biyu shi ne arzikinta, shi ne kuma masifarta. Arziki, domin ayarin da ya taso daga Kano ya nufi Kukawa ta wannan ɓangare sai ya yi zango a nan. Masifa, domin duk lokacin da Damagaram ta motsa daga arewa, ko Haɗeja daga gabas, ƙasar Gumel ce ke kan hanya.

Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Gezawa da Garki ya sauka a Gumel cikin watan Maris na 1851, zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne cinikin kanwa. Ya tarar Gumel ita ce babbar matattarar kanwar da ake kawowa daga gabas da arewa, a nan take sauya hannu kafin ta wuce Kano da ƙasashen kudu. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854 sai ya iske rikicin sarauta ya ɗaiɗaita garin. Shekara uku kacal tsakani. Ana iya fahimta daga nan cewa hanyar fatake zaman lafiya ne yake riƙe da ita. Jaki da takarkari da raƙumi ba su bukatar a yi musu gada ko a zuba musu tsakuwa. Bukatarsu rijiya a kowane zango, da sarkin da zai karɓi kuɗin fito ya kuma tsare ayari daga mahara. In waɗannan biyu suka ɓaci, madugu sai ya sake hanya, ba ya shawara da kowa.

Abin lura na biyu shi ne, hanyoyin wancan zamani a warwatse suke kamar jijiyoyin ganye. Suna tafiya gabas da yamma tsakanin Kano da Barno, suna kuma tafiya kudu da arewa tsakanin Damagaram da kwarin Kogin Haɗeja. Babu wata ɗaya da ta mallaki duk kayan ƙasar.

Dogon Kano zuwa Nguru

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Masu shirin dogon sun sa ransu a kan auduga, amma manoman Kano sai suka zaɓi gyaɗa, har abin da aka fitar waje a 1913 ya kai kimanin tan 19,000, alhali shekarar da ta gabata bai kai tan 3,000 ba. Da gyaɗa ta bazu zuwa ƙasashen jigawa na gabas, inda rairayi ya dace da ita ƙwarai, sai wahalar ɗauko ta ta taso. Buhun da jaki zai ɗauko daga Gumel ko Haɗeja zuwa Kano, kuɗin dakonsa kan cinye ribar. Wannan ne ya sa aka miƙa dogo daga Kano ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa har Nguru, tsawon mil 143, wato kimanin kilomita 230, aka gama a 1930. Shekara guda kafin haka aka kai wani reshen daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, shi ma don irin wannan manufa.

A nan ya kamata a dakata a dubi taswira. Dogon bai shiga Gumel ba, bai kuma shiga Haɗeja ba. Ya bi ta tsakani, yana guje wa fadamun Kogin Haɗeja da ke kudu, yana neman ƙasa mai tudu wadda ba za ta ci kuɗin gadoji ba. Saboda haka kowace masarauta sai ta sami tasharta a waje da birni: Malam Madori ta zama ƙofar Haɗeja, Gagarawa ta zama ƙofar Gumel. Injiniyan da ya ja wannan layi bai yi nufin rage darajar kowane sarki ba, lissafin kuɗin aiki kawai ya yi. Amma sakamakon ya wuce lissafinsa, domin ciniki ya bar gindin ganuwa ya koma gindin sikeli.

Yadda tasha kan zama gari abu ne da ya maimaita kansa a duk tsawon dogon. Da fari ma'aikatan reluwe, yawancinsu daga kudancin Nijeriya, da gidajensu a gefen layi. Sai filin kanti, inda kamfanonin Turawa da Kwarori da wakilansu Hausawa ke kafa sikeli da kaka. Sai 'yan dako da masu ɗinkin buhu da 'yan baranda masu tarye manomi tun kan hanya, sai masu abinci, sai mahauta, sai malamin da zai ja salla. Mutanen nan ba dangin juna ba ne, kuma ba gado ya tara su ba. Shi ya sa zaman tasha ya sha bamban da zaman gari, har a wasu wurare dattawa kan yi ƙyamar ɗansu ya tare a can. Daga 1949, da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda hukumar ciniki ta Jihar Arewa ta gaje ta a 1954, sai ya zama hukuma ce ke yanke farashi, wakilai masu lasin su saya, jirgi ya kwashe zuwa Ikko, tafiyar kimanin mil 700 daga Kano. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita, in an faɗi gaskiya, alama ce ta albarkar noma, alama ce kuma ta gazawar reluwe wajen kwashe amfanin shekara kafin na wata shekarar ya iso.

Ba gyaɗar Nijeriya kaɗai dogon ya ɗauka ba. Ta ƙasar Damagaram ma ta riƙa gangarowa ta ƙetare iyaka ta nemi jirgin Ingilishi, domin Faransa ba ta shimfiɗa dogo a Nijar ba. Abin ya dame su har a 1953 suka ƙirƙiro wani shiri, suka sa masa sunan tsattsewa da harshensu, na jan kayan Nijar da mota zuwa Paraku, daga nan jirgi ya kai Kwatano. Ke nan tun wancan lokaci ana gasa a kan wace hanya ce za ta ɗauki kayan Nijar zuwa teku, gasar kuwa ba ta ƙare ba.

Da mota ta karɓe kaya

Hanyoyin mota na farko a ƙasar Gumel na En'e ne, na rani, waɗanda talakawa ke sharewa bisa umarnin hakimi, kuma aikinsu ɗaya: su kai kaya tasha. Wato mota baiwar jirgi ce a lokacin. Juyin ya zo a shekarun 1970, daga wurare biyu a lokaci guda. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, suka raba dogon da kayan da aka gina shi dominsu. Kuɗin man fetur kuma ya ba gwamnati ikon zuba kwalta, har a 1974 Gwamnatin Tarayya ta karɓi dubban kilomitoci na hanyoyin jihohi ta mai da su nata. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta shiga halin ni-'yasu, aka ɗauko wani kamfanin Indiya ya riƙe ta daga 1979 zuwa 1982. An ɗan ga sauƙi, suna tafiya al'amari ya koma yadda yake.

Kada a ɗora wa mota laifin da ba nata ba. Ɗan kasuwa ya koma mata ne domin tana zuwa har bakin rumbu, tana tashi sa'ad da ya so, ba ya kwana uku a tasha yana jiran a ba shi tarago. Kasuwanni suka bi ta. Gujungu, wadda ke kan mararrabar hanya a ƙasar Taura, ta bunƙasa, Maigatari kuma da kasuwarta ta ranar Alhamis ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Cinikin kudu da arewa, wanda dogo ya yi biris da shi shekara arba'in, mota ta dawo da shi. Abin da ba a lissafa ba shi ne kuɗin gyara. Kwaltar da aka shimfiɗa a kan rairayi, in tirela mai kaya fiye da ƙa'ida ta bi ta shekara biyar kuma damina ta cinye gefenta, ba ta da sauran ƙarfi. Hukumomi sun yi ta zuwa suna wucewa a kan wannan matsala: ta hanyoyin karkara a 1986, asusun rarar man fetur daga 1994 zuwa 1999, ta gyaran hanyoyin Tarayya a 2002. Kowacce ta yi abin da ta yi, amma ba a sami tabbataccen kuɗin da zai riƙa shigowa kowace shekara don cike rami tun yana ƙarami ba.

Abin da ke gaba

An kafa Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, hedkwata a Dutse. Wannan ya ƙara wa ƙasar Gumel wata alƙibla, domin ma'aikaci da ɗan kwangila da mai shari'a yanzu kudu suke nufa, su ƙetare kwarin Haɗeja, wurin nan da injiniyoyin 1930 suka guje wa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna abin da ke cikin wannan: hanyar da ta datse fadama ba tare da isassun kwalbatoci ba madatsar ruwa ce, ko dai ta mai da ruwa gonakin mutane ko ruwan ya yanke ta.

Game da jirgin ƙasa, a watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse, aka ba kamfanin Mota-Engil kwangilar. Ya taɓa Jigawa ta yamma da ta kudu, bai taɓa ƙasar Gumel ba. Bugu da ƙari, faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon dogon Nguru kuwa milimita 1,067. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Saboda haka ko da an farfaɗo da layin Gagarawa yadda yake, sai an sauke kaya a Kano an sake lodi, kuma wannan saukewa da lodi su ne suka kori 'yan kasuwa daga jirgi tun farko.

Ra'ayin mai wannan takarda shi ne, roƙon a dawo da jirgi don begen zamanin da ba hujja ba ce da za ta shawo kan mai kuɗi. Hujjar da za ta tsaya ita ce ta kaya. Riɗi da zoɓorodo da ƙaro, waɗanda ƙasar nan ke samarwa ana fitar da su ƙetare, da shanun Maigatari da ke kwana da kwanaki a cikin tirela kafin su isa kudu, irin kayan jirgi ne: masu nauyi, masu tafiya mai nisa, masu taruwa a wuri ɗaya. Nisan da ke tsakanin Gagarawa da Maigatari ta Gumel gajere ne, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ba babban kogi. Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, don haka ba za a ƙara cewa hannun jiha a ɗaure yake ba. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma ya sake lissafin da ya fifita mota tun shekarun 1970. Kafin a kai ga haka akwai aiki mai arha wanda ba ya jiran kowa: a tsare filin dogo da na tasha kada a yanka su fuloti, domin ƙarfen da aka sace ana iya sayen wani, filin da aka gine kuwa sai da diyya da shari'a.

Akwai kuma abin da injiniya ba shi da iko a kansa. Yankin ciniki maras shinge da aka kafa a Maigatari zamanin Gwamna Saminu Turaki an gina shi ne bisa zaton iyaka za ta zauna a buɗe. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020, Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Cikin shekara biyar, kusan biyu ke nan ƙofar a garƙame. A duk tsawon wannan lokaci kaya ba su daina ƙetarewa ba, sun dai sauka daga kwalta sun koma kan babur da amalanke da raƙumi, suna bin burtalin da ayarin kanwa ya bi zamanin Ɗan Tanoma. Duk wanda zai ƙiyasta kayan da dogon Maigatari zai ɗauka, lalle ne ya sa waɗannan shekaru biyu cikin lissafinsa.