Shekaru biyar da MacBook Pro ta yi tana ɓata wa ƙwararru rai

Duk lokacin da aka fara raɗe-raɗin fitowar sabuwar laftof, tambaya ɗaya ce ke zuwa mana: "Malam, in saya yanzu ko in jira sabuwa?" To yau mun ajiye darasin danna nan danna can, tarihi za mu ɗan taɓa, na lokacin da mutane suka yi ta jira, da abin ya fito kuma suka gwammace tsohuwar da ke hannunsu.

Mu fara da MacBook Pro ta 2015 mai inci 15. Masu haɗa bidiyo, masu ɗaukar hoto da masu rubuta manhaja sun ji daɗin wannan na'ura sosai. Tana da kafar USB guda biyu irin wadda kowa ya sani, da HDMI na jona talabijin ko majigi, da wurin saka memorin kyamara, ga cajar MagSafe mai maganaɗisu, wadda in yaro ya yi tuntuɓe da wayar sai ta cire kanta, laftof ba ta faɗo ba. Daga nan Apple ta yi shiru kusan shekara ɗaya da rabi, jama'a na ta zuba ido.

Ranar 27 ga Oktoba 2016 sabuwa ta fito. Siririya, mara nauyi, kyau kam ba a magana. Amma HDMI babu, wurin memori babu, MagSafe babu, tsohuwar USB babu. Kafar USB-C kawai, huɗu a manya, biyu a ƙaramar, sai ta iyafis. Abin dariya, wanda ya sayi iPhone 7 a wancan watan ba zai iya jona ta da sabuwar laftof ɗinsa da wayar da ta zo a kwali ba, sai ya nemo adafta. Surutu ya yi yawa har Apple ta rage kuɗin adaftocinta cikin Nuwamba. An kuma cire layin maɓallan sama, har da Esc da masu rubuta manhaja ke danna wa ba adadi a rana, aka sa wani siririn gilashi mai suna Touch Bar. RAM kuwa iyakarta 16GB, ko nawa kake da shi ba za a ƙara maka ba. Phil Schiller na Apple ya ce in aka sa 32GB batir ne zai sha wahala. Duk da haka farashin mai inci 15 ya tashi daga dala 1,999 zuwa 2,399.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka zo maganar kibod. Don a samu laftof ta ƙara sirancewa, Apple ta bar tsohon tsarin maɓalli mai kama da almakashi, ta koma wani da ta kira butterfly, wato malam-buɗe-littafi, saboda yadda ƙasan maɓallin ke buɗewa kamar fukafukai. Maɓallin ba ya nutsawa ko milimita ɗaya. Saboda haka ɗan tsaki ko ɓurɓushin biskit ya isa ya tsayar da shi. Ka danna harafi ya ƙi fita, ko ya fita sau biyu. Kuma ba a cika iya gyara maɓalli ɗaya ba, sai dai a canza saman na'urar gaba ɗaya har da batir, aikin ɗaruruwan daloli ga wanda garantinsa ya ƙare. Apple har bayani ta wallafa cewa a karkata laftof ɗin kusan a tsaye a fesa mata iskar gwangwani. Wannan fa a ofisoshin Amurka masu AC ke nan. Kai yanzu ka kwatanta ta a Kano cikin hazon hunturu.

Sai a Yunin 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kibod ɗin kyauta na tsawon shekara huɗu daga ranar saye. A Maris 2019 'yar jarida Joanna Stern ta Wall Street Journal ta fitar da rubutu da haruffan e da r a ɓace, kamar yadda kibod ɗinta ke yi mata, Apple ta ba da haƙuri. Daga baya, a 2022, ta amince ta biya dala miliyan 50 don a rufe ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka, ba tare da ta amsa laifi ba.

Akwai kuma zafi. A Yulin 2018 an kawo 32GB ɗin da ake ta roƙo, tare da firosesa Core i9 ta Intel, amma a cikin wancan siririn jikin. Da an ɗora mata aiki mai nauyi sai ta ɗau zafi ta rage gudu da kanta. Wani mai tashar YouTube, Dave Lee, ya saka tasa cikin firiza, sai ga shi ta gama haɗa bidiyo da sauri fiye da a kan tebur. Apple ta fitar da gyara ta manhaja cikin kwanaki, abin ya yi sauƙi, sai dai jikin yana nan yadda yake.

A ganina nan ne asalin matsalar. Na'urar tana ɗauke da sunan Pro, amma abin da aka sa a gaba wajen ƙera ta shi ne yadda za ta fito a hoto. Ƙwararre kuwa damuwarsa daban ce: ya sauke hotunan biki cikin dare, ya jona majigi a ɗakin taro ba tare da laluben jaka ba, ya bar bidiyo na fita awa biyu na'ura ba ta sare ba.

Komawar ta zo a hankali. Nuwamba 2019 aka fitar da mai inci 16, kibod ɗin almakashi ya dawo, Esc ma ya dawo. Nuwamba 2020 Apple ta fara barin Intel da firosesarta M1, wadda ba ta cin wuta sosai kuma ba ta zafi. Sai ranar 18 ga Oktoba 2021: inci 14 da 16 masu M1 Pro da M1 Max. HDMI ya dawo, wurin memori ya dawo, MagSafe ya dawo, Touch Bar ya tafi, jikin ya ƙara kauri da nauyi. Wato mutane sun jira shekara biyar don a mayar musu da abin da suke da shi a 2015, kuma suka tafa.

Amma kada a ce komai ya dawo. RAM ɗin waɗannan sababbin a haɗe take da firosesa, ma'ajiyar ma a like take, abin da ka saya ranar farko da shi za ka zauna.

Abin da ya sa wannan tarihi ya shafe mu: waɗancan na 2016 zuwa 2019 ba ɓacewa suka yi ba, da yawansu sun gangaro kasuwar 'yan tokumbo, suna ƙyalli, kuɗinsu da sauƙi. Wa'adin gyaran kyauta ya wuce. In an miƙo maka ɗaya, shiga alamar Apple ta sama, danna About This Mac, duba shekara da firosesa. Buɗe wurin rubutu ka danna kowane harafi sau da yawa, musamman e, r da dogon maɓallin tazara. In ka ga Intel, ka sani Apple ta sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau irinsu, kuma ƙirar 2016 zuwa 2018 ko ita ba su samu ba.