Kalmar Sanctimonious: Yadda Tsarki Ya Koma Riya a Bakin Turawa

Wanda ya duba kalmar sanctimonious a ƙamus na Turanci yau zai tarar tana nufin mai ibadar ganin ido, mai nuna ya fi kowa tsoron Allah. Suka ce tsantsa. Amma da farko yabo ce. Ta fito daga kalmar Latin sanctimonia, wato tsarki, ita kuma daga sanctus, abin da aka keɓe aka tsarkake. Daga tushen nan ne saint, wato waliyyi, ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci. A Latin ɗin coci ma, macen da ta sadaukar da rayuwarta ga ibada ana kiranta sanctimonialis.

Shakespeare ya bar mana shaidar lokacin da kalmar ke tsaka da sauya fata. A wasan Measure for Measure, da aka nuna a fadar Sarki James na Ɗaya a 1604, Lucio ya siffanta wani ɗan fashin teku da ita. Mutumin ya fita sana'arsa ɗauke da allon Dokoki Goma, sai dai ya kankare wadda ta hana sata. Kura ce da fatar akuya. Amma a The Tempest, da aka nuna a 1611, Prospero ya gargaɗi Ferdinand kada ya kusanci 'yarsa Miranda sai an kammala ibadun ɗaurin aure, kuma da wannan kalmar ya siffanta ibadun. Babu ba'a a bakinsa ko kaɗan. Uba ne ke kare mutuncin 'yarsa.

Abin lura shi ne wasan da ya zo daga baya ne ya riƙe tsohuwar ma'anar. Ke nan ma'anonin biyu sun zauna tare kafin ɗaya ta kori ɗaya. A ganina, rigimar 'yan Puritan, wato Kiristocin Ingila masu tsaurin addini, da masu wasan kwaikwayo ta taimaka wajen wannan kora. Waɗancan suna ganin dandali matattarar ɓarna, waɗannan suna fito da su a matsayin munafukai, har Majalisa ta rufe gidajen wasa na Landan a 1642. Inda ake yawan zargin mai nuna ibada, sunan ibadar ma sai ya shafu.

Mu Hausawa mun aro riya daga Larabci, kuma tushenta gani ne, saboda haka tun asali ta raba mai yi don Allah da mai yi don mutane. Tsoron Allah da taƙawa suka tsira da mutuncinsu. Abin da ke damuna shi ne kalmar ustazanci, wadda a bakin samari ta fara bin sawun waccan kalmar ta Turanci.

Mai fassara, idan ka ci karo da sanctimonious a rubutun zamani, ka ce mai riya. Idan a bakin Prospero ne, ka ce mai tsarki.