Yadda Sola Ta Hau Rufin Motocin Matafiya

A Amurka akwai mutanen da mota ce gidansu. A cikinta akwai gado da murhu da famfo da firji. Zafi ya kai su arewa, sanyi ya koro su kudu. Shekara da shekaru wuta ce babbar matsalarsu. Ko dai su biya kuɗi su kwana a sansanin da aka ja wa lantarki, ko su shiga daji su tayar da janareta, ƙara da hayaƙi su hana kowa sakat. Ni da nake sana'ar haɗa sola, tarihin waɗannan mutane ya fi na manyan kamfanoni burge ni, domin a hannunsu ta zama kayan kowa.

A 1954 masana uku na Bell Labs, wato Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson, suka fito da farantin silikon na farko mai amfani. Kashi 6 cikin ɗari kacal na hasken yake mayarwa wuta, tsadarsa kuwa sai gwamnati. Shi ya sa ya fara cin kasuwa a sararin samaniya, a jikin tauraron ɗan'adam Vanguard 1 a 1958. Sai a farkon shekarun 1970 Elliot Berman, da kuɗin kamfanin Exxon, ya karya farashin daga dala 100 kowane wat zuwa dala 20.

Daga cikin waɗanda suka fara saye da kuɗin aljihunsu akwai matasan da suka ƙaurace wa birane suka tare a tsaunukan arewacin Kalifoniya, inda turakun lantarki ba su kai ba. Kantin Real Goods da John Schaeffer ya buɗe a Willits a 1978 yana sahun farko wajen sayar musu. A nan hanyarsu ta haɗu da ta masu motoci. Batirin mota bolt 12 ne, fitilu da famfunan motocin kwana ma a kan bolt 12 aka ƙera su, farantin kuma an tsara shi ne don ya yi cajin irin wannan batir. Mazauna tsauni suka ari kayan motoci, masu motoci suka ɗora farantai a rufi.

Inda abin ya fi zama da gindinsa shi ne Quartzsite, ƙaramin gari a hamadar Arizona. A 1983 hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ta ware wurare a kusa da garin inda matafiya za su iya zama tsawon hunturu, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. A wuraren babu wayar wuta ko ɗaya, sai rana, ga dubban motoci. Rufin mota ƙarami ne, batirin ruwa kuma rabinsa kawai ake sha idan ana so ya daɗe. Dole ta sa kowa ya san abin da firjinsa yake ci kafin asuba. Sauƙi ya zo da fitilun LED, da batirin litiyam na irin da ayarin John Goodenough ya gano a Jami'ar Texas a shekarun 1990, da faɗuwar farashin faranti zuwa ƙasa da dala ɗaya kowane wat. Bayan rikicin bashin gidaje na 2008, wasu da suka rasa muhalli suka koma cikin motoci, kamar yadda Jessica Bruder ta bayar da labarinsu a littafin Nomadland a 2017. A wurinsu sola ba ta yawon shaƙatawa ba ce, rufin asiri ce.

Wannan haɗin na faranti da batir shi ne nake gani yau a ruga da rumfar mai cajin waya a ƙauyukanmu. Kayan sun iso, amma lissafin bai biyo su ko'ina ba, shi ya sa batira suke mutuwa da wuri. Don haka duk mai niyyar haɗawa, ya fara ƙidaya abin da zai kunna da awannin da zai yi a kunne, sannan ya nufi kasuwa.